Yadda ake tsayar da haɓo a gida, da alamun haɓon da ya fi ƙarfin gida

Daga ƙarshen Nuwamba iskar hunturu ke fara kaɗowa daga Sahara, ɗauke da ƙurar da yawancinta ke tasowa daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi. Leɓe ya tsattsage, dunduniya ta yi faso, jiki ya yi furu-furu. Abin da ke samun leɓe a waje shi ke samun tantanin cikin hanci, sai dai shi ba a ganinsa har sai ya tsage jini ya ɗigo a riga. Shi ya sa haɓo ke yawaita a wannan lokaci, ya kuma zarce har cikin zafin bazara na Maris da Afrilu. Likitoci sun ƙiyasta cewa kusan mutum 6 cikin 10 za su yi haɓo aƙalla sau ɗaya a rayuwarsu, kuma ya fi kama yara 'yan shekara 2 zuwa 10 da manyan da suka haura 50.

Mafi yawan haɓo yatsu biyu da agogo sun ishe shi. Matsalar ita ce yawancinmu wurin da ba shi ba muke matsewa, kuma kai muke ɗagawa sama maimakon a sunkuya.

Fara sanin inda jinin ke fitowa

Ɗora yatsa a tsakanin idanunka ka gangaro a hankali. Abin da ka fara ji mai tauri shi ne karan hanci, ƙananan ƙasusuwa biyu ne da suka haɗu a tsakiya. Ka ci gaba da gangarowa, za ka ji ƙashin ya ƙare, hancin ya koma mai laushi, yana lanƙwasa hagu da dama. Wannan sashe guringuntsi ne, kuma shi ne ya fi yawa a abin da muke gani a fuska. Riƙe wannan iyaka ta tauri da laushi a ranka, don duk aikin a kanta ya dogara.

A ciki akwai katanga da ta raba hanci gida biyu. Gabanta guringuntsi ne, bayanta ƙashi. A bangon kowane gefe kuma akwai tudu uku masu lanƙwasa, ɗaya bisa ɗaya, waɗanda iska ke bi ta tsakaninsu. Aikinsu su ɗumama iskar, su jiƙa ta, su tace ƙurar cikinta kafin ta isa huhu. Tantanin da ya lulluɓe su yana fitar da majina kullum, ko mutum ba ya mura, wasu ƙananan gashi da ido ba ya gani suna tura ta baya zuwa maƙogwaro, mu haɗiye ba mu sani ba. Kewaye da hanci akwai kogunan iska a cikin ƙashin fuska, nau'i huɗu a kowane gefe: na kumatu, na goshi, na tsakanin idanu, da wani can ciki a bayan hanci. Dukkansu a hanci suke zubar da majinarsu. Akwai ma 'yar hanyar da ke kawo hawaye daga ido zuwa hanci, shi ya sa mai kuka ke jan majina, shi ya sa kuma wani lokaci idan aka toshe hancin mai haɓo sai a ga ɗan jini a gefen idonsa. Wannan ba abin firgita ba ne.

To, don hanci ya iya ɗumama iska dole ya samu jini mai yawa. A ƙasan katangar nan ta tsakiya, daga gaba, daidai inda yatsan yaro ke kaiwa in yana ƙwaƙular hanci, rassan jijiyoyin jini huɗu zuwa biyar sun haɗu sun yi saƙa a ƙarƙashin tantani marar kauri. Wani likitan tiyata ɗan Amurka, James Little, ya yi bayanin wurin a 1879, sai wani Bajamushe, Wilhelm Kiesselbach, ya ƙara bayani a 1884, har yau da sunayensu likitoci ke kiran wurin. Kusan haɓo 9 cikin 10 daga nan yake fitowa. Wurin yana ƙarƙashin sashe mai laushi, wato yatsu na iya danne shi daga waje. Wanda ya matse karan hanci kuwa ƙashi kawai yake matsawa, jijiyar na can ƙasa tana zubarta.

Ragowar haɓon daga can baya yake fitowa, daga jijiya mai girma da yatsa ba ya kaiwa. Ya fi samun dattawa, jinin ya fi yawa, kuma yakan gangara maƙogwaro ko da an matse gaba. Wannan na asibiti ne, za mu zo kansa.

Matakan tsayar da shi

Mataki na farko, a zaunar da mai haɓon. Kada ya kwanta, kada ya tsaya a tsaye, don in jiri ya ɗebe shi faɗuwar ta fi haɓon illa. Ya zauna a kujera ko a tabarma ya jingina, ya ɗan sunkuyar da kai gaba, a ajiye masa kwano ko roba a gabansa. Ɗaga kai sama da muka gada ba ya tsayar da komai. Hanya kawai yake sauya wa jinin, ya bar fitowa ta gaba ya koma maƙogwaro. Mutane su ga riga ta daina ɓaci su ce ya tsaya, alhali yaro haɗiya yake yi. Jini kuwa yana tayar da zuciya, bayan ɗan lokaci sai ya yi amai baƙi ƙirin, yunƙurin aman ya sake ɓalle haɓon, gida ya rikice. Duk jinin da ya zo baki a tofar a kwanon. Amfanin kwanon biyu ne, don da shi za a iya kimanta yawan abin da ya zuba idan likita ya tambaya.

Na biyu, idan babba ne ko yaro mai wayo, ya fyace hanci sau ɗaya a hankali don gudajin jinin da suka taru su fita. Jinin zai ɗan ƙaru na daƙiƙoƙi, ba komai. Gudaji masu laushi suna hana bangon hanci haɗuwa sosai idan aka matse.

Na uku, wannan in akwai ne: maganin feshi ko ɗigo na buɗe hanci, irin Otrivin da ake samu a kemis, yana tsuke jijiyoyin jini. Babba zai iya fesa sau biyu a ƙofar da ke jini kafin a matse. Kada a ba ƙaramin yaro na manya, kuma mai hawan jinin da bai daidaita ba ya bar shi. In babu, a wuce, kada a tura yaro kemis a zauna jiran sa.

Na huɗu shi ne aikin. A sa babban yatsa da manuniya a kama sashe mai laushi gaba ɗayansa, daga inda ƙashi ya ƙare zuwa ƙofofin, a matse har ƙofofin biyu su rufe ruf, ko da ɗaya ce ke jini. Ba tsinin hanci kaɗai ba, a kama da faɗin yatsu, a ɗan danna zuwa fuska. Numfashi ta baki. Idan an kama daidai, ɗigon zai tsaya nan take ko ya ragu sosai, kuma muryar mutum za ta sauya. Idan jini na ci gaba da bin yatsu, a gyara kamun, yawanci an yi sama da yawa ne.

Na biyar, a duba agogon waya a riƙe minti 10 zuwa 15 ba saki. A nan aka fi faɗuwa. Minti 10 da hanci a matse yana da tsawo ƙwarai, kuma kowa a gidan zai ce "saki mu gani ko ya tsaya". Duk sakin da aka yi, ɗan gudan da ya fara toshe jijiyar zai ɓalle, lissafi ya koma farko, kamar mai buɗe tukunyar dambu kowane minti yana mamakin ƙin nunarsa. Idan hannu ya gaji, wani ya ɗora yatsunsa a kan na farko kafin a zare.

Yaro ƙarami ba zai iya riƙe wa kansa ba. Uwa ta ɗora shi a cinya bayansa na jikin ƙirjinta, hannu ɗaya ya rungume hannayensa, ɗayan ya kama hancin. Kuka yana ƙara tura jini zuwa fuska, saboda haka lallashi na cikin magani: "Yi haƙuri ɗan albarka, buɗe baki ka yi haa, yanzu zai wuce." A kunna masa wani abu a waya ya kalla, ita ce kuma agogon. Masu salati da kururuwa a kansa su ɗan ba da wuri. Dattijo kuma sau da yawa kunya da ƙarfin hali ne ke sa shi miƙewa ya ce ba komai. A ce masa, "Baba, a daure a zauna, bari in riƙe maka," a kuma riƙe ɗin.

Ƙanƙara fa? Tsotsar ɗan gutsuren ƙanƙara, ko ɗora tsumma mai sanyi a karan hanci, na iya ɗan taimakawa, ba laifi a haɗa. Amma ƙari ne a kan matsewa. Kwara wa yaro ruwan randa a ka cikin sanyin Janairu babu abin da zai ƙara masa sai rawar ɗari.

Na shida, bayan lokacin ya cika a saki a hankali. In ya tsaya, alhamdu lillahi. In bai tsaya ba, a sake wani minti 15. Idan an yi zagaye biyu cikakku, wato kusan rabin awa, jini na nan, a kama hanyar asibiti, hanci a matse har a isa, kuma kada mai haɓon ya tuƙa mota ko babur da kansa.

Kada a cusa komai a ciki. Tishu da busasshiyar auduga suna manne wa ciwon, wajen zarowa su tafi da ɓawon. Garin taba, toka, dakakken ganye da man zafi irin na mura duk suna ƙona tantanin ne, kuma suna wahalar da likitan da zai leƙa daga baya.

Bayan ya tsaya

Ɓawon da ya rufe wurin yana buƙatar kwanaki kafin ya yi ƙwari. A yinin farko kada a fyace hanci, kada a ƙwaƙule, kada a ɗauki kaya mai nauyi ko a daɗe a duƙe, a dakata da shayi ko kunu mai tururi da wanka da ruwa mai zafi sosai. Atishawa in ta zo a buɗe baki ta fita ta nan. Da dare a ƙara matashi. In akwai ciwon kai a sha farasitamol, a guji asfirin, ibufurofen da diklofenak, don suna rage ƙarfin daskarewar jini. Yawancin magungunan ciwon jiki da ake haɗawa a kemis akwai ɗayansu a ciki, a tambaya kafin a sha. Wanda likita ya ɗora a kan asfirin ko wafarin saboda zuciya ko shanyewar ɓarin jiki kuwa, kada ya daina da kansa, ya koma wurin likitansa.

Sai alwala, wadda sau biyar a rana take kai ruwa da yatsu hanci. Shaƙa ruwa da fyacewa sunna ne a mazhabar Malikiyya, ba farilla ba. A kwanakin nan a yi su a hankali ƙwarai, a taɓa ruwan a ƙofar hanci kawai, ban da ja da ƙarfi da murza hanci.

Yadda ake hana shi dawowa

Tunda bushewa ce tushen, maiƙo ne maganin. Safe da dare a ɗebi basilin kamar ƙwayar gero biyu a kan ɗan ƙaramin yatsa mai tsabta, a shafa a cikin ƙofar hanci, musamman gefen katangar tsakiya. A shafa, kada a tura ciki da nisa, kada kuma a cika, don maiƙon da ya yi yawa yana iya bin numfashi zuwa huhu. Man kaɗe mai tsabta wanda ba a haɗa da turare ba shi ma yana yi. A ci gaba mako biyu bayan haɓo, ko duk tsawon hunturu ga yaron da ya saba.

Ruwan gishiri yana jiƙa tantanin ya kuma narkar da tasono, wanda shi ke sa yara kai yatsa. Ana sayar da shi a kemis, ana kuma haɗawa a gida. A tafasa ruwa rabin lita, wato cikin ledar fiya wata guda, a zuba gishiri cokalin shayi ɗaya a shafe, ba a tule ba, a bar shi ya huce. A ɗiga 2 zuwa 3 a kowace ƙofa da sirinji marar allura, sau biyu ko uku a rana. Tafasawar dole ce, ruwan rijiya ko na famfo kai tsaye bai dace da cikin hanci ba. A zubar da ragowar a haɗa sabo kullum.

A yanke wa yara farce. Mai fita a babur da safe ya sa takunkumi ko ya ja rawani ya rufe hanci. Hayaƙin itace, garwashi a ɗaki da turaren wuta mai yawa duk suna ƙara busar da hanci, garwashin ma a rufaffen ɗaki kashe mutane yake yi, wannan ya wuce maganar haɓo. Shanya jiƙaƙƙen zane a ɗakin kwana yana ɗan sassauta iskar.

Wata magana a kan Otrivin da danginsa: kada a wuce kwana 5 ana amfani da su a jere. Bayan haka hanci yakan saba, ya riƙa toshewa da zarar maganin ya sake shi, mutum ya koma yawo da kwalba a aljihu shekara da shekaru.

Haɓon da ba na gida ba

A tafi asibiti nan take idan jinin ya ƙi tsayawa bayan rabin awa, ko yana bulbulowa, ko yana gangara maƙogwaro duk da an matse daidai. Haka idan mutum ya fara jiri, gumi mai sanyi, bugun zuciya da sauri, ko tafin hannunsa da cikin idonsa sun yi fari. Haka idan haɓon ya biyo bayan haɗarin babur, faɗuwa ko duka a kai, balle in wani ruwa garai-garai na biyo jinin, don yana iya zama ruwan da ke kewaye da ƙwaƙwalwa. Wanda aka buga a hanci, ko da jinin ya tsaya, idan hancin ya toshe gaba ɗaya kuma aka ga kumburi ja mai laushi a katangar tsakiya, jini ne ya taru a ƙarƙashin tantani. In ba a zuƙe shi da wuri ba guringuntsin yana mutuwa, hanci ya lotsa.

Jariri ko yaron da bai kai shekara 2 ba bai cika yin haɓo ba, in ya yi a kai shi a duba. Mai sikila da mai ciki, waɗanda dama sukan yi fama da ƙarancin jini, kada a jira da su kamar sauran mutane.

Akwai kuma inda hancin lafiyarsa ƙalau, jinin ne ya kasa daskarewa. Alamarsa haɓo tare da jinin dasashi, tabo baƙi-baƙi a fata ba tare da bugu ba, jinin al'ada mai yawa, ko tarihin zubar jini mai wuyar tsayawa wajen kaciya a dangi. Ciwon hanta, ciwon ƙoda da sankarar jini duk suna iya zuwa da haka. Biyu daga cikin irin waɗannan sun shafe mu kai tsaye. Na farko zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa na jihar Borno ta yanzu, kuma a rani yake tashi, lokaci guda da haɓon hunturu. Zazzaɓin da ya ƙi jin maganin maleriya sannan jini ya biyo ta hanci ko baki, a kai mutum asibiti a gaya musu tun daga ƙofa, mai jinya kuma kada ya taɓa jinin da hannu tsirara. Na biyu saran kububuwa, wadda dafinta ke hana jini daskarewa. Manomin da maciji ya sara, bayan awanni ya fara haɓo ko tofar da jini, allurar kashe dafi yake buƙata, irin wadda asibitin masu saran maciji na Kaltungo a jihar Gombe ya shahara da ita. Matse hanci ba zai yi masa komai ba.

Hawan jini kuma, mutane na cewa haɓo rage jinin yake yi, wai ya sauƙaƙa wa mutum. Ba haka ba ne. Abin da aka tabbatar shi ne haɓon mai hawan jini ya fi wuyar tsayawa. Duk babban da ya yi haɓo mai yawa ya auna jininsa bayan hankalinsa ya kwanta, don a tsakiyar tashin hankali awon kowa hawa yake yi.

Sai a lura da haɓon da kullum ƙofa ɗaya yake bi tare da toshewar wannan gefen. A wajen yaro ƙarami, in da majina mai wari, kusan kullum wani abu ya tura: wake, gyaɗa, dutsen ado, gutsuren katifa. Kada a bi shi da tsinke ko ashana, tura shi ciki za a yi. Uwa na iya gwada wannan sau ɗaya ko biyu: ta toshe lafiyayyar ƙofar da yatsa, ta rufe bakin yaron da bakinta, ta hura sau ɗaya da ɗan ƙarfi, sau da yawa abin yakan faɗo. Amma in ƙaramin batir ne mai kamar maɓalli, irin na agogo da kayan wasa, a ruga asibiti ko tsakar dare ne, kada a ɗiga ko ruwa, don cikin 'yan awanni yake ƙona katangar har ya huda ta. A wajen saurayi ɗan shekara goma sha, haɓo mai yawa da ke maimaituwa tare da toshewar gefe ɗaya na iya zama wani tsiro mai cike da jijiyoyi a bayan hanci, wanda ba cutar kansa ba ce amma sai an yi tiyata. A wajen babba, idan aka haɗa da toshewar kunne ɗaya ko ƙullutu a wuya, dole a bincika kansar bayan hanci. Waɗannan aikin likitan kunne, hanci da maƙogwaro ne, kuma akwai sashensu a asibitocin koyarwa na Kano, Zariya, Sakkwato da Maiduguri, ga kuma cibiyar kula da kunne ta ƙasa a Kaduna.

Abin da za a yi a asibiti ba abin tsoro ba ne. Za a auna jini, a haska hancin a nemo jijiyar. In an gan ta a gaba, a sa maganin kashe zafi a ɗan ƙona ta da wani tsinke mai sinadari a kai, aikin 'yan mintuna. Ba a ƙona gefe biyu na katangar rana ɗaya, don kada ta huje. In ba a gan ta ba, a cusa wani soso na musamman ko bandeji mai maiƙo ya kwana ɗaya ko biyu, kuma ma'aikacin lafiya ne zai cire, ba a gida ba. Na baya kan buƙaci kwanciya, wani lokaci ƙarin jini ko ɗaure jijiyar a tiyata. Idan za a tafi, a kwashi duk magungunan da mutum ke sha a leda, har na gargajiya da na kemis, a kuma riƙe lokacin da jinin ya fara da ƙofar da ya fara fitowa, don su ne tambayoyin farko da za a yi.